Jinin yana jiki, amma yana isa inda ake buƙatarsa?

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a agaza mini. Kalmar Turancin nan da malamanmu ke ta nanatawa, fafiyushan (perfusion), ta hana ni sakat. Na ɗauka zagayawar jini ce kawai, na rubuta haka a gwaji, sai malamin ya ja layi da jan biro ya rubuta "bai isa ba". To me ya rage? Kuma idan majinyaci zan yi wa bayani da Hausa, me zan ce masa?

Bokon Faransa: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin wahala ba ne ƙanwata, ƙarin ruwa ne. Mu da muka yi karatu da Faransanci haka muka san ta: a rataya leda, a sa wa mutum allura a jijiya, ruwa yana ɗiga.

Mai Sa Barci (likitan da ke sa majinyaci barci a tiyata): Malam bai faɗi ba daidai ba, a Faransanci kalmar tana ɗaukar ma'anar ƙarin ruwa. Sai dai ba ita malamin ke nema ba. Asalin kalmar Latin ne, daga aikatau mai nufin a kwarara ruwa ya ratsa abu. A ilimin jiki kuwa ana nufin isar jini cikin naman gaɓa kanta, ta siraran jijiyoyin nan da ido ba ya gani, inda ake sauke iskar oksijin da abinci, a kwashe dattin da ƙwayoyin jiki suka fitar.

Zagayawa ita ce tafiyar gaba ɗaya, jini ya bar zuciya ya je ya dawo. Wannan kuwa tambayarta daban: nawa ya shiga ƙoda? Nawa ya kai ɗan yatsan ƙafa? Har ma'auninta daban ne. Ba a cewa lita kaza ke jikin mutum, ana cewa mililita kaza ke ratsa giram 100 na nama a minti ɗaya. Ƙwaƙwalwa, alal misali, tana samun wajen mililita 50.

Ki dubi mai ban-ruwa. Madatsa ta cika, babbar kwata na gudu, amma idan 'yar hanyar da ke shiga fangali ɗaya ta toshe, shukar da ke ciki bushewa za ta yi, ruwa na wucewa ta gefenta.

Malamin Kimiyya: Ni a aji "shayarwa" nake cewa. Jini yana shayar da nama.

Ɗan Gardama: Haba Malam. Ka ce wa dattijo mai furfura "Baba, shayarwarka ta ragu", ka ga irin kallon da zai yi maka 😂

Malamin Kimiyya: To na janye. Kai kuma kawo taka.

Ɗan Gardama: Ni aikina rushewa ne, ba gini ba.

Tsohuwar Nas: "Ratsawar jini" ta fi zama a baki. Shekara da shekaru haka nake gaya wa 'yan jinya: jini ba ya ratsa ƙafar nan yadda ya kamata. Ban taɓa samun wanda ya ce bai gane ba.

Baban Yara: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne a wannan fanni. Ina da hawan jini. Idan dai abin da ake so shi ne jini ya kai ko'ina, ashe mu masu hawan jini mu ne da riba, tunda namu da ƙarfi yake tafiya? Gaskiya ma sati biyu ke nan da na ajiye maganin, don duk na sha sai in riƙa jin jiri idan na miƙe. Da na bari jirin ya ɗauke. Wannan bai nuna jikina ya fi son jinin a sama ba?

Tsohuwar Nas: Innalillahi. Baba, sati biyu?

Mai Sa Barci: Baba, tambayarku ta taɓo zuciyar maganar, bari in zauna a kanta.

Abu biyu ke yanke yawan jinin da zai ratsa gaɓa: ƙarfin da ke tura shi, da kuma faɗin hanyar da zai bi. Abin awon da ake ɗaura muku a dantse na farkon kawai yake nunawa. A mafi yawan masu hawan jini, lambar ta hau ne saboda ƙananan jijiyoyin sun tsuke, zuciya tana fama da hanyar da ta matse. Ku tuna idan aka danne bakin tiyo da babban yatsa: ruwan zai fita da ƙarfi har ya yi feshi, amma bokitin ba zai cika da wuri ba.

Kuma tsukewa kaɗan ba ƙaramar asara take jawowa ba. Wani likita Bafaranshe na ƙarni na 19, Poiseuille, ya nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa ba rabi zai koma ba, zai koma kashi 1 cikin 16. Ga shi kuma shi kansa ƙarfin da ya wuce kima yana cin bangon jijiyoyin a hankali, su yi kauri su yi tauri, musamman na ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa. Ƙarshenta wanda jininsa ya daɗe a sama shi ne ƙodarsa ke ƙishirwa.

Batun jiri kuwa, ban ce ƙarya kuke ba. Ƙwaƙwalwa tana da dabarar daidaita rabonta da kanta: ƙarfi ya hau ta tsuke jijiyoyinta, ya sauka ta buɗe. Wanda ya shekara da hawan jini, ƙwaƙwalwarsa ta saba da babbar lamba, idan aka sauke da sauri, ko maganin ya yi masa yawa, sai ya ji jiri idan ya miƙe. Maganin wannan shi ne a koma wa likitan da ya rubuta, ya rage ko ya canza. Ba a ajiyewa.

Baban Yara: To amma Likita, yanzu lafiyata lau nake ji.

Tsohuwar Nas: Baba, duk waɗanda na karɓa da shanyewar ɓarin jiki, jiya-jiyansu lafiya lau suke ji. Don girman Allah gobe ku je.

Baban Yara: In sha Allahu. Kin ɗaure ni da jijiyata, Sista.

Ɗalibar Jinya: Yaya Likita, ke nan awon jini zai iya zama daidai alhali ratsawar ta lalace?

Tsohuwar Nas: Bari ni in amsa miki wannan, don a kansa na taɓa shan kunya ina sabuwar shiga. An kawo mana wani saurayi da ya yi hatsari, babu wani jinin kirki a waje, yana magana, awonsa 120 bisa 80. Na rubuta na ce da sauƙi. Babbar nas ɗin da ke kanmu ta zo ba ta ko kalli takardar ba, ta kama hannunsa. Sanyi ƙalau, ga gumi. Ta danna farcensa, ya yi fari ya ƙi dawowa. Ta ƙirga bugunsa ya haura 120. Ta ce a kira likita yanzu-yanzu, jini yake zubarwa a ciki. Saifarsa ce ta fashe.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne jiki yana da nasa tsarin rabo idan abu ya yi ƙaranci. Sai ya rufe wa fata da hanji da tsoka hanya, ya tara abin da ya rage wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan rufewar ce ke riƙe lambar awo a sama. Matashi mai ƙarfi zai iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin lambar ta faɗi. Idan kika zauna jiran ta faɗi, kin makara.

Don haka ki koyi duba da hannu da ido. Ki danna farce ko tsokar yatsa daƙiƙa 5 ki saki, launin ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ki taɓa hannu da ƙafa ki ji ɗumi. Ki yi masa magana ki ji ko ya fara ruɗewa ko wani barci na fizgarsa, wannan ƙwaƙwalwa ce ke kuka. Sannan fitsari. Ɗalibai sun raina ledar fitsari, alhali ita ce tagar da ake leƙa ƙoda. Babban mutum ya kamata ya riƙa fitar da aƙalla rabin mililita a kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya, wato mai kilo 70 wajen mililita 35. Idan ledar ta tsaya cak, jini ba ya isa ƙoda, ko da lambar awo tana miki murmushi.

Ɗalibar Jinya: Allah ya saka da alheri Anti. Wannan ko a littafinmu ban ga an jera shi haka ba.

Mai Sa Barci: In ƙara ɗaya daga ɗakin gwaji. Naman da oksijin bai ishe shi ba yana komawa ƙona suga ta gajeriyar hanya, sai sinadarin laktet ya taru a jini. Idan ya haura 2 muna fara ɗaga gira. Sannan mu a ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman ba lambar sama ko ta ƙasa muka fi kallo ba, matsakaicin ƙarfi muke bi. Lissafinsa: ki ɗauki ta ƙasa, ki ƙara mata sulusin tazarar da ke tsakaninsu. Mai 120 bisa 80, tazara 40, sulusinta wajen 13, ya zama 93. Wanda cuta ta shiga jininsa har ƙarfin ya zube, ana ƙoƙarin riƙe masa wannan lamba a 65 ko sama.

Ɗan Gardama: Ni fa akwai abin da ban yarda da shi ba. Na ji ana cewa zuciya ma tana rasa jini. Yaya abin da yake cike maƙil da jini dare da rana zai rasa jini? Wannan kamar a ce kifi ya mutu da ƙishirwa ne.

Mai Sa Barci: Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Jinin da ke cikin ɗakunan zuciya ɗan hanya ne, wucewa yake yi, bangon kuma ya yi kauri da yawa a ce ya tsotsa daga ciki. Tana da nata jijiyoyin biyu da suka fito daga gindin babbar jijiya suka kewaye ta ta waje, su ke ba ta kusan kashi 5 cikin 100 na abin da take turawa. Abin mamakin shi ne lokacin da take matsewa tana danne nata jijiyoyin, don haka ɓangaren hagu yana shan mafi yawan rabonsa ne a ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu. Idan bugun ya yi sauri, hutun ne ke gajarcewa: aiki ya ƙaru, lokacin sha ya ragu. Shi ya sa mai tsukakkiyar jijiyar zuciya yake jin ƙirjinsa ya ɗaure idan ya hau bene, ya zauna ya lafa. Kuma ita zuciya ko tana hutawa tana kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin ɗin da aka kawo mata, ba ta da ajiya. Hanya ɗaya ce gare ta, a ƙaro jini.

Ɗan Gardama: To na ji. Amma a rubuta cewa ban sallama ba, hutawa na yi tsakanin bugu da bugu.

Malamin Kimiyya: Tunda ana maganar rabo, ga yadda yake idan babban mutum yana zaune. Zuciya tana tura wajen lita 5 a minti, kusan duk jinin da ke jikinsa ke nan. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15. Ƙoda biyu suna ɗaukar kashi 20 zuwa 25, ba don cinsu ya kai haka ba, don aikinsu tacewa ne: suna tace wajen lita 180 a yini, su mayar da kusan duka, lita 1 zuwa 2 kawai ke fita fitsari. Hanta ita ma kusan rubu'i, kuma ita ƙofa biyu gare ta, mafi yawan jininta daga hanji yake zuwa ɗauke da abin da aka ci. Huhu kuwa duka lita 5 ɗin sai sun bi ta cikinsa. Idan mutum ya tashi da gudu sai rabon ya juye, zuciya ta kai lita 20 ko fiye, tsoka ta kwashe mafi yawa.

Abin da ya fi burge ni a tarihin shi ne an daɗe da sanin zagayawa kafin a ga wurin ratsawar. Ibnun Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya musanta maganar Jalinus, tsohon likitan Girka, cewa jini na ratsa bangon tsakiyar zuciya, ya ce ta huhu yake bi. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar duka a 1628, amma bai taɓa ganin abin da ya haɗa jijiyar tafiya da ta dawowa ba, hankali kawai ya ba shi cewa dole akwai. Ya rasu a 1657. Sai a 1661 Malpighi na Italiya ya hango siraran jijiyoyin da madubin ƙara girma, a huhun kwaɗo. Shekara huɗu kacal tsakani.

Uwar Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ina ta karantawa shiru. Ɗana yana da sikila, kuma kullum ana ce mini jininsa ne ya toshe idan ciwon ƙashi ya taso. Wannan ma cikin maganar yake? Don wani lokacin a auna a ce jinin bai yi ƙasa sosai ba, amma yaron yana birgima.

Mai Sa Barci: Hajiya, shi ne ma misalin da ya fi kowane fitowa fili. Siraran jijiyoyin nan faɗinsu maikiromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 5 zuwa 10 ne, jar ƙwayar jini kuma wajen 7 zuwa 8. Ke nan ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, wani wurin ma sai ƙwayar ta lanƙwashe kanta. Lafiyayyar ƙwaya laushi gare ta. Ta mai sikila idan ta sauke oksijin sai ta ƙage ta koma kamar lauje, ta manne a bango, na baya su taru a kanta. Naman da ke gaba da wurin ya rasa iska, wannan shi ne azabar. Yawan jini daban, isarsa daban, shi ya sa awon bai faɗa muku komai game da zafin ba.

Kuma daga nan za ku ga dalilin dokokin da aka ba ku. Rashin ruwa yana sa jini ya yi kauri. Sanyi yana tsuke jijiya. Zazzaɓi yana ƙara wa jiki buƙatar oksijin. Duk ukun hanya ɗaya suke rufewa.

Uwar Biyu: Shekara tara ina bin dokar ban san dalili ba. Allah ya biya ka.

Tsohuwar Nas: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ke kuma ɗalibata, gyambon kwanciya ma nan ya samo asali. Nauyin mutum yana danne fata tsakanin ƙashi da katifa, siraran jijiyoyin su rufe, naman ya mutu daga ciki. Juya majinyaci duk bayan awa 2 da kuke gani kamar horo ne, buɗe wa jini hanya ne. Haka ƙafar mai ciwon suga: jijiyoyin jini sun lalace, jijiyoyin da ke sa a ji zafi ma sun mutu, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa don kayan gyaran ba sa isowa. Idan aka haɗa da sigari kuwa sai addu'a.

Bokon Faransa: To ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa fa? Ni ina da shi a gida. Idan ya nuna 98 ba shike nan ba?

Mai Sa Barci: Shi yana gaya maka motar ta yi lodi ne, bai ce ta isa ba. Yana auna kashi nawa na jinin da ya zo yatsan ke ɗauke da oksijin. Wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙwaƙwalwa zai iya nuna 98 ɗin nan lafiya lau. Wasu na'urorin suna da wata 'yar lamba a gefe mai haruffa PI, ita ce ke nuna ƙarfin ratsawar jini a yatsan. Idan yatsa ya yi sanyi za ka ga ta faɗi, na'urar ma ta riƙa ruɗewa.

Tunda na ambaci ƙwaƙwalwa: ita ce mafi ƙarancin haƙuri. Jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin daƙiƙa 10 mutum ya suma, cikin 'yan mintuna ƙwayoyinta su fara mutuwa. Amma a shanyewar ɓarin jiki, kewaye da wurin da ya mutu akwai yankin da jini ke ɗan ɗiga masa ta wasu hanyoyi, ya daina aiki amma da ransa. Shi ake tsere a ceto, kuma allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba a jira gari ya waye.

Ɗalibar Jinya: Na taɓa jin ana kiran wani ma'aikacin tiyata da sunan da ya fito daga kalmar nan. Aikinsa fa?

Mai Sa Barci: Shi ne mai riƙe injin da ke maye gurbin zuciya da huhu idan za a tsayar da zuciya a yi mata aiki. Jini ya fita ta bututu, inji ya sa masa oksijin ya mayar da shi jiki. John Gibbon ne ya fara yin nasara da irinsa a kan mutum, a Filadelfiya ta Amurka, 1953. Kin ga a wannan awannin zuciya a tsaye take cak, babu bugu, amma gaɓoɓi na shan jininsu, mutum ya farka ya gane iyalinsa. Ki gaya wa malaminki wannan idan ya sake tambaya.

Ɗalibar Jinya: Tambaya ta ƙarshe Anti. Gwajin farcen nan, idan mace ta sa jan farce fa, ko ɗakin da sanyi?

Tsohuwar Nas: Ki bar farcen ki danna tsokar yatsa ta ciki. Idan hannun ya sha sanyi gwajin zai yi miki ƙarya, sai ki koma ƙirji, kan ƙashin tsakiya, musamman ga yara. Ki tabbata da haske mai kyau, kuma hannun ya kasance daidai da ƙirji, kada yana reto a gefen gado.

Baban Yara: Salamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda aka ɗora mini. Na je yau da safe, an auna 178 bisa 104. Likitan ya yi faɗa sosai, ya canza mini ɗaya daga cikin magungunan, ya ce in riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin in miƙe, in koma bayan sati biyu da gwajin ƙoda. Tun a layi nake ta danna farcena ina ƙirgawa, har na kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya.

Tsohuwar Nas: Alhamdu lillahi. Daƙiƙa nawa, Baba?

Baban Yara: Kafin in ce biyu ya dawo.

Tsohuwar Nas: Madalla. Takardar gwajin ƙodar idan ta fito kada ku sa ta a zaure, ku kai wa likitanku.